Gamba da aya-aya: wai dangi ɗaya ne? Kuma wanne ne cikinsu ke cikin haɗarin ƙarewa?

Nura_Dalibi: Salamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masana tsirrai na gidan nan ku raba mana gardama, tun jiya da daddare muke musu da abokina har muka kwana ba a shirya ba. Ni na ce gamba da aya-aya duk ciyawa ce, dangi ɗaya, bambancinsu tsawo ne kawai, ɗaya ta fi mutum tsayi ɗaya ko gwiwa ba ta kaiwa. Shi kuma ya dage wai ko kusa ba dangi ɗaya ba ne. Abin da ya fi ba ni haushi ma wai aya-aya tana cikin jan kundin nan na IUCN da ake rubuta halittun da ake tsoron ƙarewarsu. Aya-aya fa! Abin da ke hana manomi barci. Na ce masa in dai haka ne to kundin nan wasa ne. Wa ya fi gaskiya?

Sarkin_Noma77: Wa alaikumus salam. In aya-aya za ta ƙare a duniya wlh ni zan fara yin sujadar godiya. Ka ce wa abokinka ya zo gonata ya kwashi wadda zai adana, kyauta, har buhu zan ba shi

UmmuHanan: hhhh Sarkin Noma ka ji da shi. Amma ni ma na ɗauka duk ciyawa ce gsky

Malam_Tsirrai: Wa alaikumus salam Nura. Abokinka ya ci ka a duka biyun, sai dai na biyun bai fahimce shi yadda yake ba, ko kuma ya fahimta yana jan ka ne kawai.

Mu fara da dangi. Masana suna jera tsirrai hawa-hawa ne, nau'i a ƙasa, samansa jinsi, samansa dangi, samansa kuma babban rukuni. Gamba sunanta Andropogon gayanus, danginta Poaceae, wato dangin ciyawa na ainihi, nan dawa da masara da rake da shinkafa da gora suke, nau'insu ya kai wajen 12,000. Aya-aya kuwa Cyperus rotundus ce, danginta Cyperaceae, masu nau'i wajen 5,500, nan aya da kajiji suke. Sai ka hau sama zuwa babban rukunin da ake kira Poales sannan za su haɗu. To kar ka yi murna ka ce ai ga shi sun haɗu, don abarba ma a Poales ɗin take, kachala ma haka. Kusancin gamba da rake ya fi kusancinta da aya-aya nesa ba kusa ba.

Maganar kundin zan dawo kanta, yanzu ina da aji.

Nura_Dalibi: Abarba kuma Malam? Tab. To amma ni da ido ban ga bambancin ba, ganye siriri nan ganye siriri can

Zee_Agric: Nura ka samu reza sabuwa ka fita bayan gida yanzu, minti biyar ya ishe ka. Ka tsinko aya-aya wadda ta fitar da kai, ka murza karan tsakanin babban yatsa da manuni, za ka ji ba ya mirginawa sumul, yana ɗan tokarewa, saboda kusurwa uku gare shi. Ka yanka shi a gicciye ka kalli bakin yankan, kusurwa ukun nan za ka gani ɓaro-ɓaro kuma cikin a cike yake. Sannan ka bi karan tun daga gindi har inda furen yake, ba gaɓa ko ɗaya. Yanzu ɗauko gamba ko kyasuwa ko ma harkiya, karan a mulmule yake kuma ga gaɓoɓi nan kamar na karan dawa, ganyen yana fita ɗaya dama ɗaya hagu, layi biyu. Na aya-aya in ka leƙa ta sama za ka ga ganyen ya rabu ta fuska uku. Akwai kuma kuben ganyen, wato inda ya rungume kara, na ciyawa galibi a tsage yake za ka iya buɗe shi da farce kamar ka buɗe riga, na aya-aya a rufe yake ruf sai dai ka yaga. Ranar da aka fara nuna mana wannan a filin gwaji sai da na ji kunya, shekara nawa ina cire abin nan da hannuna ban taɓa murza shi ba

Dan_Fadama: Ƙanwata kin yi bayani amma a ƙara da cewa karan ciyawa rami ne a ciki, na dangin aya kuma a toshe. Haka muka haddace

Malam_Tsirrai: @Dan_Fadama haddar nan tana da kyau a jarrabawa amma tana ba da kunya a daji. Fasa karan dawa ko masara, me ka gani, ba totuwa ba? Rake fa? Duk ciyawa ne na ainihi amma ba rami. Shinkafa da alkama da gora su ne masu rami sosai. Gamba kuwa a ɓangaren su dawa da rake take. A ɗaya gefen kuma ga kajiji, Cyperus articulatus, jinsinsu ɗaya da aya-aya amma karansa a mulmule yake ba kusurwa, kuma in ya bushe za ka ga wasu zobba-zobba a jiki kamar gaɓa, alhali ba gaɓa ba ce, shamaki ne a cikin karan. Duk wanda ya dogara da alama ɗaya kajiji zai kayar da shi. Shi ya sa masana suke komawa kan fure da ƙwayar iri, yanzu kuma har da gwajin ƙwayoyin gado.

Dan_Fadama: Na karɓi gyara Malam, Allah ya ƙara ilimi

Gwaggo_Ladi: Ni tambayata wace ce ma aya-aya a nan? Mu jiji muke cewa. Ko daban ne?

Abban_Sadiq: Gwaggo mu ma na ji tsofaffi suna cewa jiji, wasu giragiri, wasu kuma su haɗa su duka su ce ayar daji. Ni dai wadda na sani mai jan kai ce, in ka tono za ka ga 'ya'yan baƙaƙe a jere kamar an zura su a zare

Zee_Agric: Ita ce dai Abban Sadiq. Mai kai ja-ja zuwa ruwan ƙasa, 'ya'yanta a sarƙe da juna, ga ɗaci ga wani ƙamshi. Ɗayar kuma mai kai ruwan ɗorawa ita ce Cyperus esculentus, wato aya da 'yar uwarta ta daji, ita kowace saiwa ɗa ɗaya take ajiyewa a ƙarshenta ba sarƙa. Jinsi ɗaya nau'i biyu. Duka biyun masanin tsirrai Linnaeus ne ya raɗa musu sunan a 1753 kuma har yau shi ake amfani da shi

Bn_Yusuf: Ni fa wannan rabe-raben na Turawa ban ga amfaninsa ba. Akuya ba ta tambayar dangi kafin ta ci, fartanya ma haka. Ciyawa ciyawa ce a bar wahalar da yara da sunayen da ko furtawa ba a iya yi

Sarkin_Noma77: @Bn_Yusuf a nan kam ban bi ka ba ɗan uwa, ni kuɗina ne suka koya min amfaninsa. Wata shekara ciyawa ta rufe min gyaɗa, na je na ce a ba ni maganin da zai kashe mai siririn ganye ya bar gyaɗar, aka ba ni na fesa. Bayan kamar sati biyu harkiya ta yi ja ta kwanta, kiri-kiri ma ya bushe, na ce alhamdulillah. Ashe gyara wa aya-aya wuri na yi, da ma su suke matse ta, da suka mutu sai ta samu rana ta baje ta yi kore shar kamar na zuba mata taki. Na koma ina faɗa na ce an sayar min da jabu, mai shagon ma bai san me zai ce min ba. Sai daga baya wani malamin gona ya duba kwalbar ya ce Alhaji maganinka lafiya lau, na ciyawa ne, wannan kuwa ba ciyawa ba ce. Na ce kamar yaya ba ciyawa ba ce?? Irin tambayar Nura sak

Zee_Agric: Haka ne Alhaji, irin su fluazifop da haloxyfop dangin Poaceae kawai suke kamawa, dangin aya ko a jikinsu. Ita akwai nata daban kamar halosulfuron, shi ma sai an duba ko amfanin gonar zai jure shi. Kuma garma tana ƙara mata yawa, don muddin sarƙar tana haɗe galibi na kan gaba ne ke tsirowa sauran suna barci, kana tsinka sarƙar kowane ɗa sai ya farka ya zama uwa. Abu biyu take tsoro, inuwa mai kauri da kuma a tono 'ya'yan a bar su a rana da rani su bushe ƙayau

Bn_Yusuf: To na ji na magani. Amma sunayen fa? Me ya hana a ce gamba kawai

Malam_Tsirrai: Na dawo. @Bn_Yusuf duba sama kaɗan, mutum uku sun kawo suna huɗu a kan tsiro ɗaya, kuma duk Hausa suke ji. Ina ga an fita waje. Amma ga abin da zai faranta maka, a Ostireliya gamba suke ce mata, sunan ya bi ta har can.

Yanzu kundin. IUCN ƙungiya ce ta kare halittu da aka kafa a 1948, hedikwatarta a Suwizalan, jan kundin kuma ya faro a 1964. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne ɗaukar cewa duk abin da sunansa ya shiga to yana bakin ƙarewa. A'a. Kundin kamar rajistar asibiti ne, duk wanda aka auna ana rubuta shi, da mai ciwo da wanda aka ce tashi ka tafi lafiyarka ƙalau. Matakai tara ne. Akwai wanda ya ƙare kwata-kwata, akwai wanda ya ƙare a daji sai a hannun mutane, sai matakan haɗari uku, CR mafi tsanani, EN, sannan VU. Sai wanda ya kusa shiga haɗari, sai LC wato ba abin damuwa. Sauran biyun su ne wanda aka duba bayanai ba su isa a yanke hukunci ba, da wanda ba a ma auna ba tukuna. Aya-aya an auna ta, an ba ta LC. Aya ma LC. Ka ga abokinka ya yi gaskiya cewa tana ciki, kai ma ka yi gaskiya cewa ba inda za ta je.

Nura_Dalibi: Alhamdulillah ashe kunnen doki muka yi a nan hhh. To gamba fa, tunda ita ana yanka ta dabbobi na cinye ta ba ita ta fi kusa da haɗari ba?

Baffa_Makiyayi: Yaro ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Ni ban san kundi ba amma na san daji. Inda nake kiwo ina saurayi, in damina ta ja baya saniya za ta shiga gamba ba ka ganin ko ƙahonta sai dai ka ji motsi. Yau wurin nan gona ce ko fili fetal, ɗan abin da ya rage a kan iyakar gonaki ne, shi ma kafin ya yi kai ya zubar da iri an yanke. Ƴaƴana ƙanana sun fi sanin tafasa da karangiya. To in wani ya zauna a ofis ya ce min ba damuwa ni me zan ce masa

Malam_Tsirrai: Baffa maganarka gaskiya ce kuma ba ta ci karo da kundin ba, tambayar da kowa ke amsawa ce daban. Kundin duniya yana tambaya ne ko nau'in zai shuɗe daga doron ƙasa gaba ɗaya. Yana da ma'auni da lambobi, misali in faɗin yankin da tsiron ke rayuwa bai kai murabba'in kilomita 20,000 ba kuma yana raguwa ko ya tsattsage, ana iya sa shi a VU, ƙasa da 5,000 EN, ƙasa da 100 CR. Ko a ƙirga manyan da suka isa haihuwa, in ba su kai 50 ba CR ne kai tsaye. Gamba kuwa tana nan tun daga Senegal har Sudan ta gangara kudancin Afirka, an kuma kai ta Burazil da Kolombiya ana shukawa don kiwo. Ta ina za ta shiga waɗannan lambobin? Amma tana iya ƙarewa tas a dajinka kai, kuma wannan asara ce ta gaske, shi ya sa ƙasashe ke yin nasu kundin na cikin gida.

Misalin da ya fi fito da wannan a dangin aya yake. Cyperus papyrus, wanda Misirawan da suke yin takarda da shi, a duniya LC ne, ya cika fadamun Sudan ta Kudu da gaɓar tafkin Biktoriya da Okabango a Botsuwana. Amma a Masar ɗin da ta yi suna da shi sai da ya kusa ɓacewa daga daji ɗungurungum, ɗan ragowa aka tarar a Wadi Natrun.

Hajiya_Turai: Ni ina zaune a Ostireliya shekaru kaɗan da suka wuce, a arewa, kuma wlh da na ga allo a bakin titi an rubuta gamba da hoton wuta sai da na tsaya na sake karantawa. Can abokiyar gaba ce. An kai ta ne tun shekarun 1930 don shanu, ta tsallake shinge ta shiga daji, tana kai mita 4 ta yi cunkus, in ta bushe wuta ta kama ba irin wutar dajin da suka saba ba ce, bincikensu ya nuna zafinta na iya ninka na ciyawarsu har sau takwas, tana cin itatuwa har sama ta kashe su. A 2012 suka sa ta cikin jerin miyagun ciyayi na ƙasa baki ɗaya, haramun ne ka sayar ko ka yaɗa ta. Har maganin feshi hukuma ke raba wa masu filaye don su kashe. Ina karanta maganar Baffa ina tuna wannan, abin da wani ke kuka ya rasa wani kuɗi yake kashewa ya rabu da shi

Baffa_Makiyayi: Ikon Allah. Hajiya da za su bar mu mu shiga da shanu wata uku da sun huta

UmmuHanan: Baffa a nemo maka biza kawai hhhh

Abban_Sadiq: Wasa wasa maganar Baffa akwai ƙamshin gaskiya, a ganina abin da ya sa ba ta fi ƙarfinmu ba ai don kullum akwai baki a kanta ne, ga lauje. Inda ake kiwo sosai can ma na ji ba ta yin wannan tsayin, matsalar inda ba dabba ce

Kb_Mai_Musu: Ni dai har yanzu ina kan bakan Nura na farko. A bar zancen wuri kaza, a nuna min ciyawa ɗaya tak da ta taɓa ƙarewa. Giwa na yarda, karkanda na yarda, amma ciyawa? Abin da ko kan kwalta fitowa yake

Malam_Tsirrai: Kb ga ɗaya kuma za ta ba ka mamaki don ita ma ciyawar gona ce da manoma ba sa so. Bromus interruptus, a Ingila kawai take a duk duniya, tana fitowa cikin gonakin da ake shuka abincin dawakai. Mota ta zo aka rage dawakai aka rage noman abincinsu, injinan tace iri kuma suka ƙware har ƙwayarta ta daina bin irin shuka zuwa gona. A 1972 aka yi mata ganin ƙarshe a daji. Irin da aka ajiye a lambun jami'ar Kambirij aka shuka ya ƙi tsirowa, kowa ya ce shi ke nan. Sai a 1979 wani malamin jami'ar Edinbara, Philip Smith, ya shigo taron masana da ita a tukunya, ashe yana ta rainonta a bakin tagarsa. Daga waɗannan tukwanen aka samu irin da aka mayar gona a 2004.

Ta biyu a Indiya, Hubbardia heptaneuron, ita a kan duwatsun da feshin ruwan Jog ke jiƙawa aka san ta, inda kogin Sharabati ke faɗowa daga tsauni. Aka yi dam a sama don lantarki, feshin ya ragu, aka neme ta aka rasa shekaru da dama, sai a 2002 aka ci karo da ita a wani tsauni a jihar Maharashtara. Akwai kuma shinkafar daji ta Texas, Zizania texana, wadda duk duniya a wani ɗan yanki na kogin San Marcos kawai take, Amurka ta sa ta cikin masu haɗari tun 1978.

Kb_Mai_Musu: To ai ka ga duk ba su ƙare ba, an sake ganinsu. Magana ta ta tsaya

Zee_Agric: Haba Kb, tagar mutum ɗaya ce fa ta tsaya tsakaninta da shuɗewa, da ya yi tafiya mai aikinsa ya manta ban ruwa fa?

Kb_Mai_Musu: Da ya manta ɗin sai ku kawo min ita a matsayin hujja. Yanzu dai ba ku da ita

Nura_Dalibi: Malam duk misalan nan na dangin gamba ne. Ke nan zan iya cewa dangin ciyawa sun fi dangin aya shiga haɗari? Don in na samu wannan na ci abokina

Malam_Tsirrai: A'a Nura kar ka je da wannan, zai dawo da kai. Matsayin nan nau'i ake ba wa, ba a ba dangi. Kowane dangi yana da 'yan ko'ina da mu, yana kuma da waɗanda suka maƙale a lungu ɗaya. A dangin aya akwai Carex lutea, ba a ma raɗa mata suna ba sai 1994, a wasu 'yan wurare masu dausayi a jihar Karolina ta Arewa, a 2002 aka sa ta cikin masu haɗari a Amurka. Wadda ta fi burge ni kuma Bulbostylis neglecta ce ta tsibirin Santa Helena, inda aka tsare Napoliyon. Wani masanin tsirrai William Burchell ya tsinke ta a 1806, daga nan ba wanda ya ƙara sa ta a ido sai 2008, shekara 200 da ɗoriya, 'yar mitsitsiya a kan busasshen tudu. CR take. Ka san abin da ke neman cinye mata wuri? Wata ciyawa ce 'yar Afirka da aka shigar tsibirin, Pennisetum setaceum. Wato ɗan dangin gamba ke korar ɗan dangin aya-aya a can. A gonar Sarkin Noma kuma aya-aya ce ke jiran ciyawa ta mutu ta gaje wurin.

Dr_Fati_Bio: Na zo a makare amma ina da ƙari biyu. Na ɗaya Malam ka ce Pennisetum, yanzu an narkar da jinsin nan, inda gero da kyasuwa suke a da, cikin Cenchrus, jinsin karangiya, tun wajen 2010 bayan gwajin ƙwayoyin gado, don haka gero da kyasuwa da karangiya jinsinsu ɗaya yau, gero ya koma Cenchrus americanus a wurin masu bin sabon tsarin. A ɓangaren aya ma an kwaso su Kyllinga da Pycreus da Mariscus an zuba cikin Cyperus. Ina faɗa ne don duk mai neman matsayin tsiro a kundi ya gwada tsohon suna da sabo, in ba haka ba zai ce babu alhali yana nan.

Na biyu shi ne wanda ya fi damuna. Yawancin tsirran duniya ba a auna su ba sam, kuma irin waɗannan marasa fure mai kyau su ne a ƙarshen layi, masu tattara samfur ma tsallake su suke yi saboda wahalar ganewa, sai da fure ko iri da madubin ƙara girma. Mutane kuma suna ganin ba a rubuta komai ba sai su fassara shi da lafiya lau. Rahoton lambun binciken tsirrai na Kew da ke Landan na 2023 ya ƙiyasta kusan kashi 45 cikin 100 na tsirrai masu fure na iya kasancewa cikin haɗari. Aya-aya da kowa ya sani tana da takardar shaidar lafiya, 'yar uwarta da ke wani tafki ɗaya da ake shirin cikewa a yi gini ko suna wataƙila ba ta da shi.

Gwaggo_Ladi: Tsaya Dakta, gero da ƙarangiya uwa ɗaya uba ɗaya?? Lallai a kowane gida akwai na banza

Sarkin_Noma77: Gwaggo kin gama magana hhhh

Malam_Tsirrai: Na gode Dakta, tsohon suna ne ya zauna min a baki. Wani abin da ke rikita ɗalibai kuma shi ne ganin G5 ko G1 a shafukan Amurka da Kanada su ɗauka na IUCN ne. Wannan tsarin wata ƙungiya ce daban mai suna NatureServe, G1 mafi haɗari G5 mafi aminci, kuma ba a ɗora shi kan wancan kai tsaye, in za ka kwatanta tsiro biyu ka tabbata ma'auni ɗaya ka ɗauka.

Abban_Sadiq: Tambaya Dakta, da aka ce ana ƙirga manya 50, abu irin aya-aya ko tofa da ke tafiya ta ƙarƙashin ƙasa ya ake ƙirga shi? Fili guda zai iya zama uwa ɗaya ce ta bazu

Dr_Fati_Bio: Tambaya mai kyau, kuma tana ba masu aikin ciwon kai. Ƙa'idar ita ce duk reshen da zai iya rayuwa shi kaɗai in an raba shi da uwar kuma ya hayayyafa ana ƙirga shi ɗaya. Illar ita ce za ka iya samun dubu a lissafi amma a gado duk mutum ɗaya ne, cuta ɗaya ta share su. Tofa da ka ambata ma tana cikin jerin miyagun baƙin halittu 100 da wani reshen IUCN ɗin ya fitar, aya-aya kuma tun 1977 LeRoy Holm da abokan aikinsa suka sa ta lamba ɗaya a miyagun ciyayin gona na duniya, a ƙasashe sama da 90

Sarkin_Noma77: Lamba ɗaya! Wannan Holm ɗin Allah ya sa ya san na yarda da shi ɗari bisa ɗari

Bn_Yusuf: Ni abin da na fahimta duk wanda ɗan Adam ya ɗauka ya kai wani wuri sai ya zama bala'i, wanda ya bari a wurinsa kuma ya bi shi da gatari da dam. To laifin ciyawa ne ko namu

Kb_Mai_Musu: Dawa da masara ma ɗauka aka yi aka kai wurare Bn Yusuf, ban ji ka ce bala'i ba

Nura_Dalibi: Na fita da reza kamar yadda Anti Zee ta ce. Wlh kusurwa uku ne, na yanka biyar duk haka. Amma na tsinko wata a bakin kwata mai ɗan farin kai dunƙulalle kamar maɓalli, ita ma kusurwa uku amma ba 'ya'ya a ƙasa, na tono har da cokali ban ga komai ba sai saiwa. Ita kuma wace ce? Abokin nawa yana nan yana cewa shi ya ci

Zee_Agric: Da alama cikin waɗanda Dakta ta ce da ana kiransu Kyllinga ne, amma kar na yi rantsuwa ban gani ba. Ɗauko hoton kan kusa-kusa da na gindin, ka ajiye biro a gefe don a ga girma

Baffa_Makiyayi: Ni dai har yanzu ba wanda ya faɗa min wa zan kai wa ƙara a kan gambar dajinmu. Wannan kundin na cikin gida da Malam ya ce, wa ke rubuta shi, kuma ana tambayar masu kiwo ko sai masu takarda?

Nura_Dalibi: Anti Zee hoton ya ƙi hawa, netwok. Bari na fita waje na sake gwadawa